Kaluluwar Wuya da Ta Ƙi Sacewa: Matakan da Za a Bi Daga Gida Zuwa Asibiti

Babu tambayar da ake yawan yi mini daga ƙauyukanmu na Kano da Jigawa kamar ta kaluluwar wuya wadda ta shafe wata da watanni ba ta sace ba. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum: an sha maganin kemis, an shafa na gargajiya, amma ƙullutun yana nan daram, wani lokaci ma wasu sun fito a gefensa. Masu tambaya suna son sanin inda za a fara, abin da za a tarar a asibiti, da kuma abin da ya kamata a tanada na kuɗi. Zan jero matakan yadda ya dace a bi su, domin a wannan ciwo yawancin asarar kuɗi da ta lokaci tana faruwa ne saboda an gabatar da magani a kan bincike. Kaluluwa alama ce ta cututtuka da dama waɗanda maganin kowacce daban ne, saboda haka aikin farko shi ne a gano wace cuta ce ta tayar da ita.

1. Tabbatar da cewa kaluluwa ce

Ba kowane kumburin wuya ne kaluluwa ba. A ba mara lafiya ruwa ya kurɓa, a zuba wa wuyansa ido lokacin da yake haɗiyewa. Idan kumburin yana gaban wuya, a ƙasan maƙogwaro, kuma yana hawa yana sauka tare da haɗiya, to ya fi kama da maƙoƙo, wanda shi ma asibiti yake buƙata amma bincikensa daban ne. Idan kuwa kumatu ne suka kumbura a gaban kunne da ƙasansa, tare da zazzaɓi da zafin tauna, musamman ga yara a lokacin da abin yake yawo a makaranta ko tsangaya, galibi hangum ne, kuma yakan wuce cikin kwana goma ko kusa da haka. Ita kaluluwa ƙullutu ce da ake ji a ƙarƙashin fata, a gefen wuya, ƙarƙashin muƙamuƙi, bayan kunne ko wajen ƙeya.

Gargaɗi: yaron da wuyansa ya kumbura suntum cikin kwana ɗaya ko biyu, yana zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, aka kuma hango wani abu fari-fari ko toka-toka ya lulluɓe can cikin maƙogwaronsa, ba a bin waɗannan matakai da shi. Alamun mashaƙo ke nan, cutar da ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ta kuma yi ɓarna mai yawa a 2023, kuma tana iya toshe numfashi. A kai shi asibiti a ranar, ko da cikin dare ne.

2. Lalubawa da aunawa

Kayan aikin ba su da yawa: hannu wanda aka wanke da sabulu, tef ɗin tela ko ɗan zare, biro da littafi. A fito tsakar gida da rana inda ake gani sosai, a zaunar da mara lafiya a kan kujera, mai dubawa ya tsaya a bayansa. Mara lafiya ya ɗan sunkuyar da kai domin jijiyoyin wuya su saki, domin idan ya ɗaga kai sama suna miƙewa su ɓoye ƙananan kaluluwa. Da cikin yatsu uku na tsakiya ake lalubawa, a hankali, ana ɗan murzawa a zagaye. A fara daga ƙarƙashin haɓa, a bi muƙamuƙi har gaban kunne, a zagaya bayan kunne da ƙeya, a gangaro gefen wuya, sannan a ƙare a ramin da ke saman ƙashin nan da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa. A yi haka a ɓangare biyu, sannan a duba hammata da matsematsin cinya, domin kaluluwar da ta fito a wurare da yawa lokaci guda tana nuna ciwon yana cikin jiki gaba ɗaya.

Abin da ake lura da shi na farko shi ne girma. Kaluluwar da ba ta wuce ƙwayar wake ba, wato ƙasa da santimita 1, mai laushi, mai zillewa a ƙarƙashin yatsa, ana samunta a wuyan yara masu ƙoshin lafiya da yawa, musamman ramammu waɗanda komai na jikinsu ake ji, kuma ita kaɗai ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ta kai santimita 2 ko ta wuce tana buƙatar idon ma'aikacin lafiya. Bayan girma, a lura ko tana da zafi idan an taɓa, ko tana motsi ko kuwa ta manne da nama, ko guda ɗaya ce ko kuwa da yawa ne suka cure wuri ɗaya, da kuma ko fatar wurin ta canja launi ko ta fara laushi kamar akwai ruwa a ciki. Mutane sukan ɗauka cewa wadda ba ta ciwo ita ce mai sauƙi, alhali sau da yawa akasin haka ne: mai zafi da raɗaɗi galibi ƙwayar cuta ce ta kusa ta tayar da ita, mai shiru tana girma a hankali ita ce ake yi wa dogon bincike.

A ɗora tef a kan mafi faɗin wurin a rubuta awon da kwanan wata. Wanda ba shi da tef ya yanki zare daidai faɗinta ya adana. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauka.

Gargaɗi: sau ɗaya a mako ake aunawa, a tsayar da rana guda, Juma'a ko ranar kasuwar garin. Yawan latsawa da matsawa kullum yana ƙara mata kumburi, sai a rasa gane girman ciwo ne ko na hannu.

3. Nemo mafarin ciwon a kusa

Kowace kaluluwa tana tace ruwan jiki da ke fitowa daga wani yanki, saboda haka wurin da ta fito yana nuna inda za a duba. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi tana sa a buɗe baki a haska da tocila, a duba ruɓaɓɓen haƙori, dasashi mai kumburi, gyambon harshe ko maƙogwaro mai ja. Ta bayan kunne da ta ƙeya tana sa a tsefe kai ko a cire hula a duba makero, kwarkwata, ƙurajen aski da ƙurajen da kitso mai tsauri yake haifarwa. A duba kunne ko yana zubar da ruwa. A wajen yara, waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke riƙe kaluluwa ta daɗe, domin muddin makeron yana kai ko haƙorin yana ruɓewa, ba za ta sace ba. Idan an samu irin wannan, shi za a kai asibiti a yi wa magani, sannan a ci gaba da awon mako-mako.

4. Ƙirga makonni

Kaluluwar da mura, ciwon maƙogwaro ko ƙurji ya tayar takan fara ja da baya cikin mako biyu, ta sace ko ta koma ƙarama cikin mako huɗu. Saboda haka mako huɗu shi ne iyakar jira a gida, kuma wannan jiran na wanda jikinsa lafiya lau yake ne, yana ci yana aiki, kaluluwar kuma ba ta ƙaruwa. Akwai alamun da idan an ga ko da guda ɗaya ba a ƙirga komai, a cikin makon ake tafiya. Daga ciki akwai kaluluwar da ke ramin saman ƙashin kafaɗa komai ƙanƙantarta, da wadda ta yi tauri sosai ta manne ba ta motsi, da wadda awo ya nuna tana ƙaruwa. Haka nan zazzaɓin da ke dawowa da yamma har ya wuce mako biyu, gumin dare da ke jiƙa riga ko a lokacin sanyi, rama ba dalili, tarin da ya kai mako biyu, dashewar murya, wahalar haɗiya, toshewar hanci ko kunne na ɓangare ɗaya da haɓo, da ɗashewar jiki. Mutumin da ya haura shekara 40, musamman mai shan taba, ba ya jiran mako huɗu a kan sabon ƙullutu a wuya. Yaron da muƙamuƙinsa yake kumbura da sauri har haƙoransa suka fara girgiɗi shi ma gaggawa ne.

Kuskuren da ya fi yawa a karkara shi ne a ce sai an cire amfanin gona. Kaluluwar da ta fito farkon damina, idan aka bari sai kaka, an ba ta wata huɗu ko biyar tana cin jiki, kuma kuɗin da ake gudun kashewa yakan ninka.

Gargaɗi na farko a lokacin jira: kada a yi mata sakiya, tsaga ko ƙaho. Wanzamai sun ƙware a kan maruru, wanda da an fitar da mugunya sai ya warke, amma tarin fuka ma yakan tayar da kaluluwa a wuya, kuma ita ba haka take ba. Idan aka huda ta, ƙofar ba ta rufewa, sai ta yi ta tsiyayar ruwa wata da watanni, ta warke nan ta fashe can, ta bar tabo a jere. Ga kuma manyan jijiyoyin jini da ke kwance a gefen wuya.

Gargaɗi na biyu: kada a sha deksa ko firedinisolon, wato irin ƙwayoyin da ake zubawa cikin haɗin sha-ka-fashe da haɗin ciwon jiki na kemis. Suna sa wasu kaluluwa su sace na ɗan lokaci, har da ta ciwon daji, sai a ɗauka an warke, ga shi kuma suna ɓata sakamakon gwajin da za a yi daga baya, suna kuma ba tarin fuka damar bazuwa. Haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifro da danginsa: suna raunana ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba, sai gwaji ya yi wuyar kama ta. Farasitamol don zafi babu laifi. Addu'a da tofi kuwa ba su hana zuwa asibiti, a haɗa su.

5. Shirin tafiya da kuɗi

A fara da asibitin sha-ka-tafi ko cibiyar lafiya ta mazaɓa, domin nan ne mafi arha, kuma da yawa daga cikinsu suna da sashen tarin fuka da ake kira DOTS. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, irin na Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim, Bichi, Gwarzo, Wudil ko Rano, gwargwadon wanda ya fi kusa. A riƙe wannan takarda da kyau, domin tana rage tambaya da yawo a gaba. Ana kuma iya kiran lambar 3340 kyauta, wadda shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ya tanada, a tambayi cibiya mafi kusa.

Game da kuɗi, a raba lissafin gida biyu. A asibitocin gwamnati, gwajin tarin fuka da injin GeneXpert kyauta ne, maganin tarin fuka daga ranar farko har ta ƙarshe kyauta ne, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da maganinta su ma haka. Abin da ake biya shi ne kati, gwajin jini, hoton ƙirji, sikanin na wuya, ɗibar ruwan kaluluwa da allura, sai kuma mafi tsada, wato yanko kaluluwar a kai ta ɗakin bincike. Kafin a biya komai a tambayi farashin a wurin biyan kuɗi na asibitin, a karɓi rasit. Abin da mutanen ƙauye suke mantawa da shi a lissafi shi ne kuɗin mota da abinci na mutum biyu, kuma idan bincike ya kai birni, a ƙaddara zuwa uku: ranar ganin likita, ranar ɗaukar abin gwaji, da ranar karɓar sakamako. Wanda yake da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano ko JICHMA a Jigawa, ya tafi da katinsa. Manyan asibitoci kuma suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, inda marasa ƙarfi suke kai kukansu, kuma babu abin kunya a neme shi.

A tafi da littafin awo, da kwalaye ko ledojin duk magungunan da aka sha, da katin riga-kafi idan yaro ne. A yi sammako.

6. A gaban ma'aikacin lafiya

Rabin bincike yana cikin labarin da aka bayar. Sau da yawa idan aka tambayi uwa, “Mama, tun yaushe abin nan ya fito?” sai ta ce, “Ai ya daɗe, likita.” Wannan amsa ba ta taimakon kowa. Amsar da ake so ita ce irin wannan: “Likita, tun kafin Babbar Salla na fara jin ta, ƙarama, yanzu wata uku ke nan, ta ninka, wasu biyu sun fito a bayanta. Yana zazzaɓi da yamma, wandonsa ya yi masa yawa, kuma kakansa da suke kwana ɗaki ɗaya ya daɗe yana tari.” Wanda bai riƙe kwanan wata ba ya kafa da azumi, Salla, shuka ko girbi.

A faɗi gaskiyar abin da aka sha da abin da aka shafa, ko da za a sha faɗa. A faɗi ko akwai mai tari a gida ko a tsangaya, ko wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka na wata shida, da kuma ko ana shan madarar shanu ɗanya.

Idan kaluluwar mai zafi ce, ja, ta kwanan nan, za a iya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako ɗaya ko biyu. A shanye shi duka, a koma ranar da aka ce.

Gargaɗi: zagaye ɗaya ake yi na irin wannan magani. Idan an gama kaluluwar tana nan, abin da ke gaba gwaji ne. Canja wani maganin a wani kemis, sannan wani, shi ne hanyar da mutane suke bi su ɓata wata shida.

7. Gwaje-gwajen farko

Yawanci za a fara da gwajin jini don a ga yawan jini da yanayin ƙwayoyinsa, sai gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, sai hoton ƙirji, sai gwajin kaki idan akwai tari. Kada ran kowa ya ɓaci idan an ce a yi gwajin garkuwar jiki. Ana yi wa duk wanda ake zargin tarin fuka, malami ne ko dattijo ko jariri, domin cututtukan biyu suna yawan haɗuwa, kuma ita kanta cuta mai karya garkuwar jiki takan tayar da kaluluwa a wuya da hammata. Sakamakon sirri ne tsakanin mutum da ma'aikaci.

Kaki ake so daga ƙirji, ba yawu ba. A kurkure baki da ruwa, a fita fili nesa da mutane, a ja dogon numfashi sau biyu ko uku, a yi tari mai ƙarfi a tofa cikin robar da aka bayar, a rufe. Ƙananan yara da ba su iya fitar da kaki ba, ana iya gwada bayan gidansu. Injin GeneXpert yana gama aikinsa cikin kimanin awa biyu, amma idan daga ƙauye ake aika robar zuwa inda injin yake, sakamako yakan ɗauki kwanaki. A bar lambar waya mai aiki.

Gargaɗi: idan gwajin kaki bai nuna komai ba, hoton ƙirji kuma ya fita fes, wannan bai kore tarin fuka na kaluluwa ba. Ƙwayar tana iya zama a wuya kaɗai ba ta taɓa huhu ba, mutum ba ya ko tari. Mutane da yawa a nan suke komawa gida da murna, alhali ba a taɓa ainihin wurin ciwon ba.

8. Allura da yanka

Wannan shi ne matakin da ke raba gardama, kuma shi aka fi gudu. Ana yin sa a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala, Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Likita yana goge wurin, ya kama kaluluwar tsakanin yatsu biyu, ya soka siririyar allura, ya ɗan motsa ta, ya zuƙo ɗan ruwa ko mugunya. Cikin 'yan mintoci an gama, babu ɗinki, zafin bai wuce na allurar da aka saba ba, mutum ya tashi ya hau mota. Wani ɓangare na abin da aka zuƙo ana shafa shi a gilashi a duba da madubin likita, wani kuma a sa a GeneXpert, wanda zai faɗi ko akwai ƙwayar tarin fuka, har ma ko tana jin babban maganinta.

Idan allura ba ta ba da amsa ba, ko ana zargin dajin kaluluwa, sai a yi ƙaramar tiyata a ciro guda ɗaya sukutum. Ga babba, yawanci allurar kashe zafi ake yi a wurin, a ɗinke, ya koma gida a ranar. Sakamako yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Idan ku aka miƙa wa naman ku kai ɗakin bincike, ku tabbatar an rubuta suna a jikin kwalbar, ku kai a ranar, kuma ku tambayi likita ko an raba shi biyu, domin wanda za a duba da madubi a ruwan fomalin ake sa shi, wanda za a nemi ƙwayar tarin fuka a ciki kuwa a ruwan gishiri na asibiti.

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mutum a makare, ciwo ya riga ya yi nisa, sai a ɗora laifin a kan allurar ƙarshe. Ba a ba da maganin daji sai an san irinsa, kuma ba a sanin irinsa sai da wannan gwaji.

Gargaɗi: idan an ciro kaluluwa, wajibi ne a kai ta bincike, kuma wajibi ne a koma a karɓi takardar. Cirewar ba magani ba ce, ciwon yana cikin sauran.

9. Idan tarin fuka ne

A yankinmu wannan yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo kaluluwar wuya mai daɗewa, musamman ga yara da matasa, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. A ganina, cikin manyan cututtukan da ake tsoro, wanda aka ce masa wannan ce ya yi hamdala, domin tana warkewa sarai kuma ba za a nemi ko sisinsa ba a kan magani.

Tsarin wata shida ne. Wata biyu na farko ana shan magunguna huɗu da aka haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wato rifamfisin, aisoniyazid, firazinamaid da itambutol, sannan wata huɗu ana shan biyun farko. Yawan ƙwayoyin da za a sha kullum ya danganta da nauyin mutum, shi ya sa ake hawa sikeli duk zuwa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a rage wa wasu yara zuwa wata huɗu idan ciwon bai yi tsanani ba, amma likita ne yake yanke wannan, ba iyaye ba. Za a buɗe kati a cibiyar DOTS mafi kusa da gida, ko da a birni aka gano ciwon, saboda haka a nemi a mayar da mutum can don a huta da kuɗin mota. Za a kuma nemi wani a gida, miji ko uwa ko wa, wanda zai riƙa ganin an haɗiye yana yin alama a kati.

Da safe ake sha kafin a karya, da ruwa, a lokaci guda kullum. Idan azumi ya zo a gaya wa ma'aikaci ya gyara lokacin, kada a tsallake.

Fitsari zai koma ja-ja ko ruwan lemo, har gumi da hawaye wani lokaci. Aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne, kuma ba dalilin dainawa ba ne. Idan ƙafa ta fara zugi ko jin kamar ana tsira allura, a faɗa, akwai ƙwayar bitamin B6 da ake bayarwa. Mai ciki da mai shayarwa suna shan maganin. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko aka sa mata ashanar hannu ta sanar, domin rifamfisin yana rage musu ƙarfi, sai a canja mata wata hanya.

Gargaɗi: idan ido ya yi rawaya irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje suka feso a jiki, ko gani ya fara dishi-dishi, a dakatar da maganin a koma asibiti a ranar. Magungunan nan ta hanta suke bi, saboda haka kada a haɗa su da jiƙe-jiƙe da tsimi.

Akwai abu ɗaya da yake rikita mutane har su watsar da magani. A watannin farko kaluluwar tana iya ƙara girma, ko ta yi laushi ta fashe, ko sabuwa ta fito, alhali mutum yana shan magani daidai. Wannan yakan faru ne saboda garkuwar jiki ta farfaɗo tana faɗa da ƙwayar, kuma yawanci yana lafawa. A koma a nuna, a wanke wurin da ruwan gishiri mai tsabta a rufe da bandeji, a ci gaba da sha. Alamar da ake dubawa ita ce zazzaɓi ya tafi, cin abinci ya dawo, sikeli yana hawa. Amma idan an fara maganin ne bisa zato ba tare da gwaji ya tabbatar ba, aka kai wata biyu babu sauƙi ko kaɗan, to a nemi a yi yankan da aka bayyana a mataki na 8.

Babban haɗari kuwa yana wata na biyu zuwa na uku, lokacin da mutum ya ji garau ya koma gona ko ya tafi cirani. Wanda ya yanke magani a nan, ciwon yakan dawo, kuma yana iya dawowa da ƙwayar da ba ta jin magani, wadda jinyarta ta fi wuya nesa ba kusa ba. Mai niyyar tafiya Legas ko Abuja ya faɗa tun da wuri a ba shi takardar canjin cibiya.

10. Idan wani ciwon ne

Idan cuta mai karya garkuwar jiki ce, za a fara magani kyauta, kuma kaluluwar takan ja baya yayin da jiki yake murmurewa. Idan dajin kaluluwa ne, za a tura mutum sashen masu jinyar jini da daji a asibitin koyarwa, inda ake ba da magani ta jijiya zagaye-zagaye na tsawon watanni. Jinya ce mai tsada wadda take buƙatar dangi su zauna su yi shawara tun farko, domin yankewa a tsakiya saboda kuɗi sun ƙare yana mayar da aiki baya. Duk da haka, irin wanda ake kira Hodgkin, mai kama matasa, yana cikin cututtukan dajin da aka fi samun warakarsu, haka ma Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara yana jin magani sosai idan an zo da wuri. Ga manya, kaluluwa mai tauri takan zama reshen dajin da ke ɓoye a bayan hanci, harshe ko maƙogwaro, shi ya sa ake tura su wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Idan kuma sakamako ya ce kumburi ne kawai na faɗa da ƙwayar cuta, a ci gaba da awon wata-wata, a koma idan ta ƙaru.

11. Mutanen gida

Tarin fukan da ya tsaya a kaluluwa kaɗai, huhu lafiya, ba a ɗaukarsa ta kwano ko gaisuwa, saboda haka babu dalilin ware wa mara lafiya kwanonsa ko hana yaro makaranta. Sai dai shi ma wani ne ya shafa masa, kuma idan yaro ne, galibi mai tarin yana cikin gidan. A kai duk mai tarin da ya kai mako biyu a gwada shi kyauta. Idan an samu mai tarin fukan huhu, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke gidan ana duba su a ba su maganin kariya.

Gidan da ke da shanu kuma a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita ta zama nono ko kindirmo, domin shanu suna da nasu tarin fukan da ke bin madara ɗanya, kuma kaluluwar wuyan yara tana cikin wuraren da yake sauka. Bayan an gama wata shida, ƙaramin ƙullutu mai tauri ko tabo yana iya saura, kuma muddin ba ya ƙaruwa, ba a sake magani saboda shi. A adana katin magani da takardar sakamako a cikin leda, domin idan wata kaluluwa ta sake fitowa ko bayan shekaru ne, su likita zai fara nema.